Daminar Kalmomi Masu Harafi Huɗu

Duniya, in aka dube ta da idon basira, kashi uku ce: abubuwa masu harafi uku, masu harafi huɗu, da masu harafi biyar. Duk abin da ya wuce haka ƙawa ce, ɗan Adam zai iya rayuwa ba tare da ita ba. Ban karanta wannan a littafin wani masani ba. Ni na gano shi da kaina, a gindin wata aduwa, cikina babu komai sai ɗacin anza. Har yau da furfura ta kai mini gira ba a samu wanda ya ƙaryata ni ba, ko da yake, in za a bi gaskiya, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Daminar bana ce ta tuno mini. Ruwa ya sauka sau ɗaya a nan Keita, mutane suka yi shuka, sai sama ta ɗauke kai kamar surukar da aka ƙi gaisarwa. Yau kwana ashirin ke nan. Gero ya fito tsawon yatsa, ya nannaɗe ganyensa ya tsaya. Da azahar mata kan sauko daga aikin jera duwatsu a kan tudu, ɗauke da gwangwanin da aka ba su ladan aiki, su tsaya a ƙofar gidana su ce, "Mushe, duba muna mi anka rubuta, kar mu ci abin da ba shi ciyuwa." Rubutun Ingilishi ne. Nakan sa tabarau, in karanta da murya irin ta alƙali, in yanke hukunci cewa man girki ne. Su tafi, ni in zauna da warin ƙasar da ta sha ruwa sau ɗaya ta bushe. Warin nan ne ya mayar da ni baya shekara arba'in da ɗoriya.

Lokacin ina saurayi, ina ƙaramin malami a lakwal, makarantar boko ta garin Buza. Anasaru suna yaƙinsu. Faransi da Ingilishi, da jiya suke cin tuwo a kwano ɗaya, suka wayi gari ba sa ga-maciji. Aka rufe iyaka, aka yi shela cewa duk wanda aka kama da takardar Ingilishi ɗan leƙen asiri ne. Aka bi garuruwa ana kwasar hatsi da bisashe don yaƙin da babu wanda ya san inda ake yinsa, ga shi kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba. Da aka ba mu hutun damina, na ɗora rabin buhun gero a kan jakin aro, na kama hanyar ƙauyenmu da ke kusa da Azarori.

Inna kaɗai na iske a gidan. Baba ya rasu tun ina karatu a Yamai, ƙannena mata biyu suna gidan aure. Mu biyu ne maza, ni da wana Arzika, ɗan fari. Shekarar da aka zo ɗibar samari aikin dole ya sulale ya tsallaka ƙasar Ingilishi, shekara shida ke nan a lokacin. Labarinsa na ƙarshe da muka ji, wani ya ce wani ya gan shi a Jos wajen haƙar kuza. Ni kuwa tun ina ƙarami aka ba da ni, sa'ad da aka ce kowane gari ya kawo yaro ɗaya lakwal. A wancan zamani ba a ba da yaron da ake ji da shi. Ban faɗi haka don ƙorafi ba, lissafi ne, kuma lissafi sana'ata ce.

Inna ba ta taɓa kama sunan Arzika ba, kamar yadda kunyar ɗan fari ta tanada. "Wancan" take ce masa, in ta kama dole. In wani ya ɗauko zancensa sai ta tuna akwai akuyar da ba a ɗaure ba. Ni kuma tun da na dawo da wando da riga mai maɓalli take ce mini Mushe, kamar yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu. Ɗaya ta hana shi suna don so, ɗaya ta ba shi suna don girmamawa. Na daɗe ina auna wanda ya fi riba a cikinmu.

Rabin buhuna bai yi kwana takwas ba. Gwaggo ta aiko da ƙwarya, kawu ya zo gaisuwa ya daɗe, ƙannena suka turo saƙo, Inna ta auna wa kowa. Daga nan muka koma abin da gari ya koma. Anza itaciyar daji ce, ɗanyarta guba ce, sai an ɓare ƴaƴan, an jiƙa da toka ko kanwa, ana sauya ruwa kullum har kwana biyar ko shida kafin a dafa. Ko bayan haka ɗacinta yakan zauna a bayan harshe har la'asar. Muna haɗawa da tafasa, in an yi sa'a da ɗan dusa a kai. Mata suna bin gidajen tururuwa suna tono abin da suka tara. Gayya ta mutu a shekarar nan, don babu mai furar da zai ba ƴan gayya. Kowa da gonarsa, kowa da jirinsa.

Ranar da na shiga ɗakin Arzika neman hauya na gano abin. A can ciki, bayan tsohon asabari, an jera damin gero tara, an lulluɓe da buzu. Baba ya yanka wa Arzika ƴar gayauna a gefen gandu, Inna kuwa ba ta bar ta ta kwana ba ko shekara ɗaya. Ita ke shuka ta, ita ke noma ta, ta girbe, ta ɗaure, ta fid da tsohon dami ta sa sabo. Masu kwasar hatsi sun leƙa rumbu, ba su leƙa ɗakin wanda ba ya nan ba.

Na same ta tana sauya wa anza ruwa.

"Inna, mu kwance dami guda."

"Mai shi bai zo ba."

"In munka mutu, wa za shi iske?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. "Can lakwal an koya muku cin abin da ba naku ba?"

Na yi mata bayani yadda ake yi wa aji. Na kawo hujja ta addini, na kawo ta hankali, na ce aro ne, da kaka mu mayar. Ta saurara har na gama, ta ce na iya magana, Allah ya ƙara basira, sannan ta miƙo mini tulu in ɗebo ruwa. Na san zan iya shiga in ɗauka da ƙarfi. Na kuma san in na yi haka, abin da ya rage tsakanina da ita, wanda dama bai kai cikin cokali ba, ya ƙare. Hanya ɗaya ce: mai gero ya zo, ko ya aiko a buɗe.

Cikin kwanakin nan Inna ta sayo kanwa a ƙunshe cikin wata takarda mai ɗab'i. Na warware don in duba, sai ga kalmomin Ingilishi a jere, kowace da ma'anarta da Hausar boko a gabanta. Na tambayi inda ta samo, ta ce wurin Bawa. Bawa bafatake ne mai jaki ɗaya, yana kawo allura da kwalli da taba da kanwa, kuma rufe iyaka bai dame shi ba, don a cewarsa bai taɓa ganin ƙofar da aka rufe ba. Na same shi a gindin tsamiyar kasuwa. Ya ciro abin daga cikin mangala: wani ɗan littafi na ƴan makarantar can, babu bango, ya samo shi a Sakkwato don ƙunsa kaya. Ya ce in ɗauka, amma in yi haƙuri, ya riga ya cinye farkonsa. Bawa ya yi karatun allo, don haka ya fara yaga daga dama, inda kowane littafin kirki ke farawa. Ashe ƙarshen ya cinye. Littafin kuwa an tsara shi bisa tsawon kalma, daga gajeru zuwa dogaye. Masu harafi shida da abin da ya yi sama duk sun watsu a kasuwannin Adar, tsofaffin garin Tabotaki suna ajiye taba a cikinsu. Ni na gaji masu biyu, da uku, da huɗu, da biyar.

A nan tunanin ya zo mini, kuma tunani ne irin na ɗan lakwal tsantsa. A wurinmu, takardar da za ta shiga biro, wato ofis, da Faransanci ake rubuta ta, in ba haka ba ba takarda ba ce. Na ce to, ofishin ma'aikatar kuza sai da Ingilishi. Ga Hausa a rubuce a gabana, shafi bayan shafi, an buga ta a can ƙasar, amma ban tsaya na tambayi kaina wa ke karanta ta ba.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba mu yi salla, mu sha ruwan da aka dama ɗan dusa a ciki, mu fita. Inna ta nufi gayaunar wancan, ni in nufi gandu. Hannun da ya saba da alli ya yi ƙuraje ranar farko, suka fashe rana ta biyu, rana ta uku na ɗaure shi da tsumma. Ruwa ya ɗauke bayan shuka, kamar bana. Hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta kaɗa har mu ajiye hauya, sai ya raba biyu ya wuce ya bar mu da zufa. In rana ta take, ƙasa takan ƙona tafin ƙafa, kunne ya yi ta ƙara, in ka miƙe da sauri duniya ta yi duhu. Akwai babban gawo a tsakiyar gandunmu, amma gawo da damina yake zubar da ganye, sai kowa ya bushe shi ya yi kore. Na fahimce shi sarai, amma ba ya ba da inuwa. Sai in koma gindin aduwa, in ciro littafina daga cikin wando.

Maƙwabtan gona suna hutawa a gindin wata bishiyar, ba nisa. Da su muka yi wasan langa muna yara. In na nufo su sai hira ta tsaya, a gyara zama, a ce Mushe ya gajiya, a yi maganar ruwa. Mutumin da ke rubutu kuma yake cin albashin Anasara, ba a faɗin inda aka ɓoye akuya a gabansa. Ban ga laifinsu ba. Na daina takura musu.

Kalmomin suka zama mutanen garina. Masu harafi biyu ƴan aike ne, ba su da gona. Masu uku talakawa ne, kowanne da aiki a hannu: hoe hauya, sun rana, dry busasshe, eat ci, die mutu. Masu biyar sun fara ƙiba, suna da riga. Amma masu huɗu su ne jama'a, kuma mai littafin ya zaunar da su gida-gida, waɗanda suka haɗa haruffa a gida ɗaya, kamar ƴaƴan mutum guda. A wani gida na iske seed, need, weed da feed: iri, bukata, ciyawa, ciyarwa. Na ce wanda ya tara waɗannan a ɗaki ɗaya ya taɓa noma. A gaba kaɗan ga rain, pain, gain da vain: ruwan sama, ciwo, riba, banza. Harafi ɗaya ne tsakanin kowanne da ɗan'uwansa, kamar yadda kwana goma ke tsakanin damina mai kyau da marar kyau. Come da home, zo da gida, maƙwabta ne, katanga ɗaya. Ina karanta su da ƙarfi da lafazin Faransanci, don ban taɓa jin bakin Ba'ingilishe ba. Kurciyoyi ne kaɗai shaidu, kuma ba su gyara mini ba.

Da na zo rubutu na ga inda gadon nawa ya gaza. Babu uwa a cikin littafin. Babu yunwa, babu gero, babu ɗan'uwa, babu kalmar roƙo. Daga baya na san duk sun haura harafi biyar, suna can an ƙunsa kwalli da su. Sai na yi da abin da ke akwai, kamar yadda muke yi da anza. Uwa ta zama tsohuwa, gero ya zama hatsi, yunwa kuwa na bar mai karatu ya gano ta da kansa. Kwana goma sha tara na yi. Nakan rubuta a ƙasa da tsinke, in share, in sake, don takarda mai kyau ɗaya gare ni, na yago ta daga tsakiyar kaye, littafin rubutu na aji. Ga abin da ta ƙunsa, in aka mayar da ita Hausa: Ya mai girma. Nemo mutumin nan, Arzika. Ce masa zo gida. Tsohuwa tana cin mugun iri. Hatsinsa yana nan. Ba za ta buɗe ba. Sunan wana shi ne kalma mafi tsawo a cikinta. Na koyar shekara talatin da biyar bayan haka, na rubuta rahotanni da za su cika rumbu, ban sake rubuta abin da babu ƙarya a cikinsa kamar wannan ba.

Inna takan gan ni ina zane a ƙasa, ta wuce abinta. Sai ranar da nake kwafewa a takarda ta tsaya a kaina da tulu, tana kallon wani wuri dabam.

"Takardag ga taka, tana kai inda jirgi ka kai?"

Na ce tana kaiwa. Na tambaye ta ko akwai wanda take so a gaya wa wani abu.

"Ni? Wa gare ni can?"

Washegari Bawa ya biyo zai tafi kudu. Na ba shi takardar a naɗe cikin tsumma, na yi masa bayani sau uku: ya kai ta tashar jirgin ƙasa a Ƙaura, ya ba wanda zai sa ta a hanyar Jos, zuwa ga babban akawun kuza. Ya ce an gama. Inna ta fito da ƙwaryar ruwa ta ba jakinsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana shafa wuyan jakin, ta ce, ba da Bawa take ba, ba da ni ba, "In wani ya ga wani, shi ce mai damana ta yi nisa."

Kwana huɗu bayan tafiyarsa ruwa ya dawo. Da hantsi ya fara, manyan ɗigo masu ɗumi suna tayar da ƙura, sannan ya sake gaba ɗaya. Na tsaya a cikinsa na buɗe baki. Kwari ya cika, kwaɗi suka fito daga inda babu wanda ya san suna nan, geron da muka yi wa ta'aziyya ya miƙe. Amma wanda ya yi noma ya san ruwa ba abinci ba ne, alkawari ne. Tsakanin maimai da tumu nan ne yunwa take da haƙora. Ciyawa ta fi gero sauri, ƙarfi kuma babu. Ƙafafun Inna suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Wata rana na hango ta a gayauna ta durƙusa kamar mai cire ƙaya, ta daɗe ba ta tashi ba. Na goyo ta zuwa gida. Ba ta kai nauyin damin kara ba. Muka wuce ƙofar ɗakin nan mai dami tara, na rage tafiya da gangan, ta ce, "Wuce, Mushe."

Daga ranar na riƙa fara noma da gayaunar wancan, sannan in koma gandu. Ba ta ce in yi ba. Da yamma takan tambaye ni ko ciyawa ta yi yawa "can gefe", in ce na share. Ta ce Allah shi yi albarka. A gindin aduwa na gama masu huɗu na shiga masu biyar sosai, inda na iske alone, shi kaɗai, a gida ɗaya da stone, dutse. Na haddace su ba don ina bukatarsu ba. Kullum ina lissafin inda takardata ta kai: yau tana jirgi, yau tana kan tebur, yau akawu ya gyara tabarau yana mamakin wannan Ingilishi mai tsabta da ya fito daga ƙasar Faransi.

Arzika ya iso ranar da muka fara gasa tumu. Da la'asar ne. Wani dogon mutum ramamme ya yi sallama, buta a hannu, takalma rataye a wuya don kada su lalace. Sai da ya yi murmushi na ga wushirya irin ta Baba. Inna tana zaune a tabarma. Ta dube shi sau ɗaya, ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi.

"Mushe," ta ce, "ba baƙo ruwa."

Kafin rana ta faɗi, matar da kwana ashirin ba ta iya tsayuwa ta sa an fid da damin nan, ta kira matan unguwa, turame suka tashi. Aka dama fura aka raba gida-gida, daidai lokacin da kowa ya fara samun abin sawa a baki daga gonarsa. Zaurenmu ya cika. Abokan langa suka zo, suna tafawa, suna kiran Arzika da sunayen da na manta, suna faɗin inda kowa ya ɓoye akuyarsa. Na zauna a bakin ƙofa da ludayina. Furar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba, geron bara ne mai kyau.

Na bari har kwana biyu kafin na tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, ko akawun ya karanta masa takardar daidai. Ya ce wane akawu. Ya bar Jos shekara uku da suka wuce, yana dako a tashar Ƙaura, kuma duk ɗan Adar da ke bin hanyar ya san rumfar da yake kwana. Bawa ne ya same shi yana cin rogo, ya ce masa, "Uwarka na cin anza bisa damen geronka." Ya ajiye rogon ya ɗauki butarsa.

Ranar kasuwar Madawa na nemi Bawa. Na ce to, takardar fa, tun da ba a bukace ta ba, ya mayar mini, ina so in ajiye. Ya sosa ƙeya, ya ce wallahi ya riƙe ta da amana har fadamar Bangi. A nan suka hango sojojin raƙumi suna binciken fatake, ya tuna shelar da aka yi, ya duba hagu ya duba dama, babu rami, babu wuta.

Jakin ne ya cinye ta, tun ba su kai iyaka ba.